Ranar da Aka Nemi Matalautan Garin Bappa

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai na makarantarmu ta Demsawo a Jimeta, duk wanda ya gan ni sai ya ce, "Malama Dija, an je Kamaru, ina tsarabarmu?" Wata ma har da cewa ta ji atamfarsu ba ta zuba. To ni ba sayen atamfa ya kai ni ba, kuma na gaji da ba da labarin guntu-guntu a tsaye ana jiran ƙararrawa. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa. Sunan ƙauyenmu da na garin da na je can ƙetare kawai zan riƙe, kuma za ku ga dalili.

Bappa Hammadu wan mahaifina ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu har na gama kwalejin malamai. Fataucin shanu yake yi a da, daga ƙauyenmu da ke gabas da Mubi, dab da iyaka. Na tashi na ga zaurensa ba ya rabo da baƙi, matarsa Inna Asta kuwa ba ta san tukunya ƙarama ba. Shekarar da 'yan ta'adda suka ci Mubi aka kore shanun kaf. Suka zo mana Demsawo da kayan jikinsu, suka zauna a ɗakina ɗaya na wasu watanni. A lokacin na fara sanin halin Bappa sosai. Kullum da safe sai ya zura babbar riga ya fita, ya wuni a masallaci, da yamma in an kai masa tuwo ya ce ai ya ci a wurin wani amininsa. Ba shi da wani amini a Jimeta.

Da ƙura ta lafa suka koma. Daga baya kuma aka tare ɗansa Buba a hanyar kasuwa aka kashe shi, matar Buban ta koma wurin danginta ta yi aure, aka bar wa tsofaffin nan jikoki biyu, Ummi da ƙanenta Bobbo. In na samu hali na aika musu da ɗan hatsi, sai labari ya iso ni cewa Bappa ya zauna a ƙofar gida ya raba wa maƙwabta kamar yadda ya saba. In na kira Inna Asta a waya kuwa amsa ɗaya ce, lafiya lau, ba abin da ya dame su.

Maƙwabciyata Mama Chioma ce ta fasa mini ƙwan. 'Yar ƙabilar Ibo ce, ta tsufa a Jimeta, tana sarin wake daga wajajen Mubi. Direban da ke kawo mata kaya ya gaya mata cewa Bappa ya jima ba ya ƙauyen, an ce ya ƙetara Kamaru, yaran kuma sun rame har ana magana. A cikin makon nan ne Rifkatu, ƙanwar wata abokiyar aikina, ta ce mini aikinsu zai kai su ƙauyenmu. Tana cikin ma'aikatan shirin nan na gwamnatin tarayya na rage talauci, wanda rediyo ya cika mana kunne da shi. Ta yi mini bayanin yadda suke yi. Ba daga ofis ake zaɓen gidajen da za a tallafa wa ba. Mutanen gari ake tarawa, su da bakinsu su faɗi gidajen da suka fi shiga wahala, kuma sai maigida yana nan. Gidan da aka ambata zai riƙa samun tallafi a kai a kai, da iri da taki in damina ta zo. Wanda aka tsallake kuwa, Allah kaɗai ya san ranar da za a sake waiwayo garin.

Na ji tsarin ya yi mini kyau ƙwarai, na ce a raina wannan karon masu tsarawa sun yi tunani. Abin da ya rage kawai in je in nemo Bappa, in kawo shi gida kafin ranar taron, yaran nan su samu abin ci.

Muka kama hanya ni da Mama Chioma. A tashar Jimeta ɗan kamasho ya cusa mu a wata tsohuwar mota yana ce mini, "Malama, ka matsa mana, mace ɗaya zai shiga." Wadda ta shigo ɗin ta kai mace biyu. Muka haye gadar Binuwai, muka wuce Girei, ƙafata ta dama ta mutu tun kafin mu kai Song. Shingayen sojoji sun ragu a kan yadda na san su. A da sai kowa ya sauka ya ɗaga hannuwa sama ya taka ya wuce. Yanzu leƙowa kawai suke yi, amma har yau da an hango buhunan yashi sai hira ta ɗauke a cikin mota, kowa ya gyara fuskarsa.

Bayan Song taya ta fashe. Muka sauka gindin wata bishiya direba yana ta zagin bakaniken da ya sayar masa da ita. A nan na samu hira da matar nan da ta danne mini ƙafa. Mutuniyar wajajen Michika ce, ta yi zaman sansanin 'yan gudun hijira a Yola. Ta buɗe jakarta ta nuna mini sabulun ruwa a robobi, shuɗi da kore.

"A sansani aka koya mana," in ji ta. "Aka ce sana'a ce, mu dogara da kanmu. Mun gode fa. Amma duk matan unguwarmu tare muka koya. Ni ina yi, maƙwabciyata tana yi, kishiyar uwata ma tana yi. Wa zai saya? Abin wankewar ma babu."

Ta kawo sabulun Yola ne ko za a dace, ga shi tana komawa da shi. Na sayi roba ɗaya don kunya. Kafin mu kai Gombi murfin ya kwance, zannuwana biyu da na ƙulla suka sha sabulu, motar duka ta ɗauki ƙamshin lemon tsami har Mubi.

Daga Gombi zuwa Hong zuwa Mubi an yi gyare-gyare, an shafa fenti, amma tsakanin sababbin shaguna sai ka ga gini ba rufi, baƙin hayaƙi yana nan a saman tagoginsa. Mama Chioma ta nuna mini wani kango a shigar Mubi ta ce nan ne shagon mijinta na kayan mota. Bai sake tsayawa da ƙafarsa ba har ya mutu. Ta faɗa ne kamar mai faɗin kuɗin wake, sannan ta juya ta ci gaba da ciniki da direba a kan buhunan da za ta ɗauko.

A gidan 'yar uwarta muka sauka, ɗaki ɗaya a bayan shago. Mutanen kirki ne, amma a nan na yi wautar da har yanzu Mama Chioma ke yi mini dariya a kanta. Matar gidan ta fito da teba da miyar agushi tana tururi, ta ce, "Anti, za ki ci?" Ni kuwa na amsa yadda aka tarbiyyantar da ni, na ce a'a, na gode, a ƙoshe nake. A wurinmu ai wannan buɗe magana ce. Sai an sake cewa, ka sake ƙi, a ture kwanon gabanka a fita a ba ka wuri, sannan ka sa hannu. Matar nan sai ta ce to, ta ɗauke kwanon ta miƙa wa mijinta. Ina zaune ina kallo ya share shi tas. Da safe na gaya wa Mama Chioma cewa da yunwa na kwana, ta riƙe ciki tana dariya.

"Abeg, ku mutanen nan! Mutum yana jin yunwa, ya ce ya ƙoshi. Wa ya aike ka? A wurinmu in ba ka da shi, ka buɗe baki ka faɗa, umunna su ji." Umunna su ne dangin uba a wurinsu. Ta saya mini ƙosai ta tsaya a kaina sai da na cinye.

A Mubi muka rabu, ta nufi kasuwar wake, ni na shiga akori-kura zuwa bakin iyaka. Iyakar ba wani abin kallo ba ce, sanda ce aka gitta a hanya da tutoci biyu da 'yan rumfuna. Namu suka duba katina suka ce in wuce. A can ɓangaren wani jandarma, ɗan sandan Kamaru, ya juya katin sama da ƙasa, ya yi ta zuba mini Faransanci, ya nuna mini benci. Na zauna har rana ta take ban san laifina ba. Da na gaji sai na ce da Fillanci, ni fa wurin bappana za ni, tsoho ne. Ya ɗago kai ya kwashe da dariya, ya amsa mini da Fillancin da ya fi nawa kyau, ya ce Fillancina na 'yan birni ne, duk Hausa ta cinye shi. Ashe katin rigakafi yake tambaya tun ɗazu, shi kuwa yana cikin jakata, a jiƙe da sabulu. Ya shinshina shi ya ce aƙalla mai tsabta ne, in tafi.

Daga nan sai babur. Mu a Jimeta an daɗe da hana acaɓa, har na manta yadda ake zama. Na hau a karkace, kafin mu yi nisa salansa ta ɗauke mini fatar ƙwauri. Ɗan acaɓan bai ko waiwayo ba, ya ce kowa da haka yake koyo.

Garin da na sauka ƙarami ne amma yana da kasuwar shanu. Abin da ya fara ba ni mamaki burodinsu ne, dogo kamar muciya, ga tauri, ana tsaga shi a zuba dafaffen wake da mai a ciki. Na ce wannan wace irin haɗa-haɗa ce, na ci kuma na ƙara. Shayinsu ba madara, kofi ya fi yawa. Hausa kaɗan ake ji, kowa Fillanci, har waɗanda ba Fulani ba. Na zauna a rumfar wata mai tuwo, dattijuwa mai fara'a, na kwatanta mata Bappa: dogo, fari, mai tabo a gira, ana ce masa Alhaji Hammadu.

"Alhaji?" in ji ta. "Mai tabon nan dai na san shi, amma mu tsohon Najeriya muke ce masa. Yana can kara yana kama igiya. A barandar masallaci yake kwana. In kasuwa ta yi kyau ya zo ya ci tuwo, in ba ta yi ba ya wuce ta can nesa ya ɗaga mini hannu."

Na tafi karar shanun da ƙafata mai ƙuna. Na hango shi kafin ya hango ni. Yana sanye da wata 'yar shara da ta sha jiki, ba hula, ya naɗe igiya a hannu yana jan wani bijimi zuwa bakin babbar mota. Wani dillali da bai kai Buba a haihuwa ba yana daka masa tsawa, wai ya yi sauri. Bijimin ya fizge, Bappa ya durƙusa a kan gwiwa cikin kashin shanu, ya miƙe, ya sake kamawa. Mutumin da a da in ya shigo kara dillalai ke tasowa su karɓi sandarsa.

Na laɓe a bayan mota na yi kukan da ban yi ba tun mutuwar Buba. Abin da na fi tsoro shi ne ya waiwayo mu haɗa ido, domin na san in ya gane na gan shi haka, ba zai sake iya kallona ba har abada. Na sulale na koma rumfar mai tuwo. Na roƙe ta, in an tashi kasuwa ya yi wanka, ta je da kanta ta ce masa wata baƙuwa daga Yola ta sauka yanzu-yanzun nan tana cigiyarsa.

Bayan la'asar sai ga shi cikin babbar rigar nan da na sani tun Demsawo, da hula, yana tafiya a hankali. Na durƙusa na gaishe shi.

"Dija, jaɓɓaama, sannu da zuwa. Ke ce a nan? Lafiya dai?"

"Lafiya lau, Bappa."

"Na ɗan leƙo ne in ga yadda farashin shanu yake a nan ɓangaren," in ji shi, yana gyara hannun riga ya rufe tafinsa da igiya ta yayyanka. "Mutum ba ya sayen abu bai bincika ba."

Na ce haka ne, Bappa. Mai tuwo ta kau da kai tana ta goge kwanon da ba shi da datti. Na gaya masa gwamnati za ta tara magidanta a ƙauye kan maganar taimakon marasa hali, kuma taro irin wannan ba ya kyau ba dattawa. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi duka ba. Ya ce gaskiya ne, Jauro mai garinmu yaro ne, bai san gidajen da ke kwana da yunwa ba, dole a samu mai nuna masa. Na kwana a ɗakin mai tuwo a kan tabarma, tsakanin tukwane. Da safe ta ƙi karɓar komai, ta ce in dai kula da tsohon nan.

Muka ƙetaro tare. Jandarman jiya ya sara wa Bappa saboda rigar da furfurar.

Gidan yana nan yadda na san shi daga waje, katangar siminti, babbar ƙofar ƙarfe, zaure mai faɗi. Ciki kuwa wayam. An cire kwanon rufin ɗakuna biyu, turakun shanu sun zama itacen girki tun tuni. Inna Asta ta rungume ni, na ji ƙasusuwan bayanta a tafina. Ummi ta gaishe ni da ladabi, gashinta ya yi ja ya kakkarye. Bobbo yana zaune a ƙasa, ciki a gaba, bai ko tashi ba. Na leƙa madafa na ga an ɗora tukunya ana hura wuta, na buɗe na tarar da ruwa da ganyen tafasa kawai. Inna ta ce tana ɗorawa ne kullum don maƙwabta su ga hayaƙi. Na fito da shinkafa da man da na sayo a Mubi. Rabi muka dafa, rabin kuwa kafin magariba Bappa ya aika da shi gidan wata bazawara.

Ranar taro su Rifkatu suka iso da farar mota. Aka raba mutane, maza a gindin tsamiyar ƙofar Jauro, matasa a filin ƙwallo, mu mata a wani ajin firamare da ba rufi. Rifkatu ce ta zauna da mu. Yarinya ce mai haƙuri, ta iya aikinta. Ta fara da tambaya, a nan garin, da me ake gane gidan da wahala ta kama? Mata suka yi ta faɗa. Gidan da ake cin ganye ba gari. Gidan da yara suka daina wasa. Gidan da aka cire rufi aka sayar. Gidan da tsofaffi ke riƙon marayu ba mai nema musu. Kowace aka faɗa sai in dubi Inna Asta, ita kuwa tana kallon yatsun ƙafarta.

Sannan aka zo ambaton gidaje. Nan fa aji ya kaure. Aka faɗi gidajen zawarawa, aka faɗi na makaho, wata ta miƙe ta faɗi nata da kanta, wata ta ce ƙarya ne tana da awaki a wurin ɗan'uwanta, har aka kusa dambe. Na ce a raina ai da a Jimeta ne, da masu mota ma sun ɓoye makulli sun shigo layi. Ina ta jira wata ta ambaci gidan Bappa. Aka zagaya unguwa-unguwa, aka zo kan layinsu, aka faɗi gidan dama da shi, aka faɗi na hagu, aka wuce.

Rifkatu ta ce, "Akwai wanda aka manta?"

Na miƙe na ce, "Gidan Alhaji Hammadu."

Inna Asta ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Matar da ke kusa da ni ta matsa kamar na yi tusa. Can sai wata tsohuwa, Dada Mairo, wadda ta yi mini kitso ina yarinya, ta dogara sanda ta tashi.

"Dija, birni ya ɓata ki," in ji ta. "Shekarar da fari ya cinye gonaki, ke ba ki da wayo, a zauren nan garin nan ya ci abinci har kaka. Da saniyar Alhaji aka yi wa ɗana aure. Yau a gaban baƙi mu buɗe baki mu ce masa matalauci? Ba da bakina ba."

"Dada, kin ga Bobbo kuwa?" na ce. "Kin ga cikinsa?"

"Na gani. Kullum ina gani." Ita ma hawaye take yi. "Amma ba da bakina ba."

Mata suka amsa mata, wallahi haka ne, Allah ya rufa asiri. Rifkatu ta ce a ƙa'idarsu maganar baƙo ba ta shiga, sai 'yan gari sun faɗa, ko masu gidan da kansu. Ta dubi Inna Asta ta kira ta a hankali. Inna ba ta buɗe mayafin ba.

A waje na tare Rifkatu na tambaye ta ko an ambace shi a wurin maza. Ta je ta tambayo abokin aikinta ta dawo tana girgiza kai. Wai Bappa ne ma ya fi kowa amfani a taron. Shi ya riƙa tuna musu gidajen da aka manta, na ƙarshen gari, na waɗanda kunya ta hana su zuwa, har ya yi wa Jauro faɗa a kan wani gurgu da aka tsallake. Da aka zo kan layinsa maza suka sunkuyar da kai, aka wuce. Matasa ma haka.

Na kama hannunta na roƙe ta. Ta ce abu ɗaya za ta iya, ta je ta same shi shi kaɗai ta tambaye shi, in ya amsa da bakinsa ita za ta san yadda za ta yi. Amma a ƙauye ina ake samun shi kaɗai? Da aka ga baƙuwar gwamnati ta nufi gidan Alhaji, Jauro ya ga rashin ladabi ne a bar ta ta je ba rakiya. Liman ya bi Jauro, dattawa suka bi liman. Kafin ta cire takalmi zaure ya cika. Ni ina tsaye a bayan ƙyaure ta ciki, Inna Asta tana gefena, Bobbo a goye.

Rifkatu ta durƙusa har ƙasa. Ta yi iya ƙoƙarinta, ba ta ko furta kalmar talauci ba. Ta ce, "Baba, mun ji kana riƙon marayu. Gwamnati tana so ta sa hannu a riƙon nan. In ka yarda, kai dai ka ce to."

Na fara sa rai. Ta tsagar ƙyaure ina ganin hannun Bappa yana murza bakin rigarsa. Ya dubi mutanen da ke zaune, ɗaya bayan ɗaya, duk waɗanda suka taɓa cin tuwonsa a wannan zauren.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "'Yata, Allah ya yi miki albarka. Mu nan ba abin da muka rasa. Ki kai wa waɗanda muka faɗa miki."

Zaure ya ɗauka, Allah ya ƙara girma, Alhaji, Allah ya ƙara sutura. Har da ajiyar zuciya, kamar an sauke musu kaya. Rifkatu ta fito idonta ya yi ja, ta ce mini, "Anti, ki yi haƙuri." Farar motar ta tashi kafin la'asar, don akwai wani ƙauyen a gaba.

Na yi fushi ranar, kuma har yanzu ban huce ba, sai dai na rasa wanda zan ɗora wa. Waɗanda suka tsara abin a Abuja sun yi zaton in ka tara mutane ka ce su nuna mai yunwa za su nuna. Ba su san akwai garin da ake ganin girman mutum har a bar jikokinsa da yunwa ba. Mutanen garin kuma ba mugunta suka yi ba, ƙauna ce. Bappa kuwa bai ce mini uffan ba a kan abin da na yi a ajin mata, ko da yake na san ya ji. Da na kai masa ruwan alwala ya karɓa ya ce usoko, wato na gode, ya tambaye ni ƙunar ƙafata.

Washegari da safe ina ɗaura kaya sai na ga Inna Asta ta yi wa Ummi wanka, ta ƙulla mata 'yan tsummokaranta a leda. Bappa ya fito da babbar rigarsa, ya raka mu har bakin hanya inda ake jiran akori-kura. Duk wanda muka gamu da shi sai ya tsaya ya yi masa bayani da murya sama.

"Ummi za ta bi gwaggonta Yola. Karatu. Makarantun can sun fi na nan, ga gwaggon tata malama ce."

Mutane suna cewa madalla, Allah ya ba da ilimi mai amfani. Ba wanda ya shawarce ni, ni ma ban tambaya ba. Ummi ba ta yi kuka ba, ta riƙe ledarta da hannu biyu tana kallon ƙanenta. Shi kuwa Bappa ya ce mini shi ma gobe zai koma ƙetare, bai gama duba farashin shanun nan ba.

Da mota ta tsaya, Inna Asta ta ja ni gefe kamar za ta gyara mini mayafi. Ta sa bakinta a kunnena.

"Dija, in kin samu hali bayan Salla, ki dawo ki ɗauki Bobbo. Shi ma za mu ce karatu ne."

Na dubi yaron a bayanta, ya kwantar da kai yana tsotsar bakin zane. Ko sunansa bai gama iya faɗa ba.